Malam Yosiya da Jiragen da Gara Ta Cinye

Duk wanda ya bi ta Gangaren Tudu da sassafe ya san ƙarar zarton Malam Yosiya Dogara. Kafin ya hau babur zuwa sakandaren da ya shekara talatin da biyar yana koyar da aikin kafinta, sai ya yi sa'a guda a zaurensa, tabarau a kan hanci, yana ƙera jirgin sama na yaƙi wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba.

Ba kowane jirgi yake ƙerawa ba, sai wanda aka kama a fagen daga. Daga tsofaffin hotuna da littattafai yake ɗaukar awo, ya rage kowane sashe daidai gwargwado. Fenti ma hawa biyu yake shafawa, na ƙasar da ta ƙera jirgin, sannan na wadda ta kama shi a kai, kamar yadda aka yi wa na ainihin. Da jiragen nan ya cusa wa ɗaruruwan ɗalibai lissafi da tarihin da suka ƙi shiga ta allo.

Bara, saura shekara ɗaya ya yi ritaya, aka dawo daga dogon hutu. Yana buɗe siton makaranta ya tarar gara ta cinye jirage ashirin da uku. Aikin shekara ashirin ya koma gari. Kwana biyu bai taɓa tuwo ba. A na uku matarsa Martina ta ce, "Baban Vera, ka haƙura haka nan. Idon naka ma ba kamar da ba."

"Katako gara ta ci," in ji shi. "Awon yana kaina. Ki fara tara mini gwangwanin madara."

Yana ɗan shekara sittin ya je kasuwa ya durƙusa gaban masu ƙera bokiti, ya koyi yankan gwangwani da liƙi da dalma. Abokan aikinsa shaida ne, babu yatsansa da bai sha filasta ba.

Ana cikin haka wani tsohon soja daga Agwada, Baba Zakka, ya sa aka kawo shi, saboda ya ji Malam ya ƙera kwaikwayon wani ƙaramin jirgi da aka kama, wanda ya yi gadinsa lokacin yaƙin basasa. Ya jujjuya shi, ya ajiye.

"Malam, aiki ya yi kyau, amma ba shi ba ne. Namu ramin harsashi biyar ne a fiffikensa na hagu, ƙafa ɗaya a karye. Matuƙin ma bai girmi ƙanena ba. Ni na ba shi ruwa."

Da wani ne, sai ya ce hoto bai nuna haka ba. Malam Yosiya takarda ya jawo. "Baba, nuna mini inda kowane rami yake." Ya kwance fiffiken da ya ci masa mako guda, ya sake shi daga farko. Ranar da aka kai wa tsohon, ya dogara sanda ya miƙe, ya ƙame, ya sara.

Kai ne, Malam, mai awo sau bakwai kafin yanka ɗaya. Kai ne wanda asara ta kayar, ya karkaɗe wando ya koma ɗalibi da furfurarsa. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, amma akwai injiniyoyi a Abuja da suka fara riƙe rula a hannunka.

Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya da hasken ido. Mu kuma da ƙaramin cikas ke sa mu jefar da aiki, mu leƙa zauren nan mu ɗauki darasi.

A bikin ritayarsa makon jiya, jirage goma sha tara aka jera a kan tebur. Shugabar makaranta ta ce yanzu sai hutu. Malam ya gyara tabarau.

"Ranki ya daɗe, saura huɗu. Litinin zan yanka na ashirin."