Mama Gunnel da Zagayen Kuskure

Kullum ƙarfe shida na safe, ina shirin karɓar gadi a bakin get, sai na ji ƙwas-ƙwas a kan kwalta daga wajen Ain Khaled. Mama Gunnel ce, tana tafe da sanduna biyu kamar mai tuƙa kwalekwale a tudu. Shekarunta sittin da huɗu. Goma sha ɗaya daga ciki ta yi su tana koyar da harbi a kulob ɗin wasannin da nake gadi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma ƙasarsu, Sweden.

Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba na daɗewa a wurin aiki, wannan ne na huɗu a Doha. Amma abin da ido ya gani ba sai da satifiket ake faɗarsa ba.

Tana budurwa ta shiga wani wasa da ake kira biathlon. Gudu ne a kan ƙanƙara da dogayen katakai a ƙafa, bindiga a goye, a tsaya ana haki a harbi ɗigo biyar. Matan da ke yinsa a lokacin ba su da yawa. Bindigar maza ta samu, ta rage gindinta da zarton babanta. Ko da aka buɗe wa mata gasar Olympics a 1992, gwiwarta ta riga ta lalace. Babu lambar yabo ko ɗaya a ofishinta.

A wasan nan, duk harbin da ya kuskure sai mutum ya yi ƙarin zagaye. Wannan doka ta kawo mana, ta shata da'ira a bayan zauren harbi. Sai dai duk ɗalibar da ta kuskure, tare suke zagayawa. "Ni na koya miki," take cewa, "rabin kuskuren nawa ne."

Nasiratu mai shara, 'yar Zongon Kumasi, kwantiraginta ya zo ƙarshe a bana. Kamfani ya ce ko ta ci jarrabawar mai kula da zauren harbi, ko ta koma gida. Sau biyu ta faɗi, don da zarar an zuba mata ido hannunta sai rawa. Dama ɗaya ta rage.

Mama ta ɗauke ta ɗaliba. Kullum sai Nasiratu ta hau bene ta sauko sau uku kafin ta taɓa bindiga.

"Mama, ki bari zuciyata ta kwanta mana."

"Ranar jarrabawa ma ba za ta kwanta ba. Yalla, maza harba tana bugawa."

Gariba direban bas ba ya rasa tsokana. "Hajiya Nasiratu, yau zagaye nawa? Ai kin kusa Kumasi a ƙafa."

"Kawo tumbin nan naka ka yi ɗaya mu gani."

Wata safiya cikin zafin Agusta suka yi zagaye sha ɗaya. A gabanmu gwiwar Mama ta kumbura. Nasiratu ta zauna a ƙasa tana hawaye, ta ce khalas, ta haƙura, ba za ta gurgunta tsohuwa ba. Mama ta miƙa mata ruwa ta ce, "In gwiwata kike tausayi, rage kuskure."

Ke ce, Mama, kika san zafin ƙofar da aka buɗe a makare, shi ya sa ba ki tsaya tambayar addini ko fasfo ba. Icce mai inuwa a garin da ba naki ba.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi jarrabawar. Ba a bar Mama ta shiga ba, sai ta zauna a bencina, ta kasa shan shayin da na ba ta. Huɗu ake nema cikin biyar. Nasiratu ta fito, ta ɗaga yatsu huɗu.

Mun gode, Mama Gunnel. Allah Ya ba ki lafiya, Ya kai ki gida cikin aminci. Mu kuma da muka rage, direba ne kai ko mai wayarin ko kuku, ka waiga, akwai wanda zamansa a garin nan ya rataya a kan abin da ka iya. Ka koya masa, kada ka tsaya daga inuwa kana nuni da baki.

Ranar Lahadi Nasiratu za ta karɓi makullin zaure. Ɗalibai shida ke jiranta.