Kitson Kaka da Almakashin Mushe

Ina da shekara tara aka rubuta ni lakwal, wato makarantar boko. Ba da son gidanmu ba ne. Wani gardi, dogarin gwamnati, ya zo da takarda ya tsaya ƙofar gida, ya ce kowane gida sai ya ba da ɗa guda. Yayyena maza suna daji da bisashe wajen dangin babana, don haka ni aka tura. Asalinmu mutanen arewa ne, daga wajen Azagor iyayena suka gangaro Dakoro bayan wani fari ya cinye rabin garkenmu. Babana ya rasu ina goye. Mu huɗu ne a gidan: ni, da Inna, da Kaka wadda ta haifi Inna, da Kawu ƙanen Inna, dillalin raƙuma, wanda tun da na yi wayo ban taɓa ganin bakinsa ba saboda rawani da amawali.

Kaka ke yi mani kitso. Wuni guda take ɗauka. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta shafe gashin da man shanu har ya riƙa ƙyalli, ta ja manyan jeloli biyu su sauko ta gaban kunne, sauran ta tufke su baya, ta ɗaura ƴar laya cikin jan fata a tsakiyar kai. Idanunta sun fara dushewa a lokacin, amma yatsunta ba su taɓa ɓata tsaga ba.

Shekarar farko babu wanda ya kula da kaina. A ta biyu aka kawo mana sabon malami, saurayi dogo siriri daga can yamma, wanda Hausarsa ke karyewa. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran kowane malamin lakwal da Faransanci. Shi ya kafa dokar Litinin. Bayan an ɗaga tuta sai mu yi layi, ya bi mu ɗaya ɗaya da tsumagiya a hammata, yana duba farce da wuya da kai. Maza ƙwal, kada a ga tukku ko zanko. Mata kitso ƙanana zuwa baya, babu mai, babu laya, babu adon wuri, kuma kowace ta sa riga, ba zane ɗaurin ƙirji ba. Ya ce mai ke kiran kwarkwata, kuma warinsa na hana shi numfashi a aji.

Litinin ɗin farko da ya iso kaina ya toshe hanci. Ya ɗaga jelar kitsona da bakin tsumagiya kamar mai ɗaga mataccen maciji, yara suka fashe da dariya.

"Wannan mene ne? Gobe ba na son gani."

Ya ba ni biyar a tafin hannu. Na koma gida na gaya wa Kaka. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga kaɗin da take yi.

"Ki ce mashi kan ɗiyata ba gonar ubanshi ba ce."

Ban gaya masa ba, ba shakka. Litinin ta biyu na sha goma, a ƙafa, har ƙaurina ya yi ruɗu ruɗu. Sai na yi wa kaina dabara. Ranar Talata na tsaya bayan wata bagaruwa a hanyar lakwal, na kwance kitson da hannuna, na goge man da yashi, na ɓoye layar cikin ɗamarata. Wata ƴar ajinmu ta kama mani shi baya a gurguje. Mushe ya gani ya gyaɗa kai, ranar ban sha duka ba. Amma da aka tashi na kasa maido da na Kaka yadda yake.

Ina shiga gida ta kira ni, ta ɗora hannu a kaina ta shafa. Sai da ta shafa sau biyu. Daga nan ta jawo igiyar ɗaure akuya, ta ninka ta, ta rufe ni da duka. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ranar ban san inda ta samo ƙarfi ba. Inna ta zo za ta raba, ita ma ta samu rabonta a damtse. Sai da numfashin Kaka ya sarƙe ta zauna a ƙasa, ta jawo ni jikinta ina shessheka, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba.

Ta ce tana ƙarama kamata, tun Nasara bai shigo ƙasar ba, mahara suka faɗa masu a bakin rijiya da hantsi. A gabanta aka soke babanta da mashi. Aka ɗaure ta a bayan raƙumi aka yi kudu da ita. A zangon farko wani ya danne ta da gwiwa ya aske mata kai da wuƙar yankan nama, don duk wanda ya gan ta ya san baiwa ce, ba ɗiya ba. Duk lokacin da gashin ya tsiro sai a sake askewa, har sai da danginta suka gano inda take suka fanso ta tana budurwa. Ta kama hannuna ta kai bayan kanta ƙarƙashin kallabi, na ji tabon, dogo, kamar tsagar ƙwarya.

"Na rantse ƙarfe ba shi ƙara taɓa kan ɗiya mace ta jinina. Kin ji ko? In ya kashe ki da bugu, shi kashe ki da gashinki."

Washegari ta sake kitsa shi, ta ƙara mai fiye da na kullum.

Haka na zauna tsakanin bulala biyu har mako uku. In na je da shi, Mushe ya doke ni. In na taɓa shi, Kaka ta doke ni. Inna ta so ta je ta roƙi Mushe, Kaka ta hana ta. Kawu kuwa yana arewa wajen sayen raƙuma, bai san abin da ake ciki ba.

A Litinin ta biyar Mushe bai zo da tsumagiya ba. Almakashi ya fito da shi daga aljihu, babba, irin na madinka, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya fara da wani yaro mai tukku, ƙat, ya jefar. Yaron ya yi kuka ya koma layi. Sai ya kira ni. Na tsaya. Ya sake kira. Na juya zan gudu, ya ce wa manyan yara biyu na ajin ƙarshe su kamo ni.

Suka kayar da ni a gindin tuta. Ɗaya ya zauna a bayana, ɗaya ya murɗe hannuwana. Bakina ya cika da yashi. Na ji sanyin ƙarfen a kuncina na hagu, na ji ƙarar jelar farko tana yankewa, ƙurus ƙurus, saboda kaurinta. Ya cire layar ya wurga. Da ya zo jela ta biyu, ta gaban kunne, hannunsa na hagu ya zo daidai bakina, na kama shi da haƙora. Ban cije don in saki ba. Na ji gishirin jininsa, na ji wani abu ya yi ƙas ƙarƙashin haƙorana. Ya yi ƙara ya fizge, almakashin da ke buɗe ya rufe a kan kunnena.

Da farko ban ji zafi ba, ɗumi kawai na ji yana gangarowa wuyana. Yaran suka sake ni suka ja da baya. Wata yarinya ta sa ihu. Na kai hannu na ji saman kunnena na dama yana reto. Mushe ya tsaya riƙe da hannunsa, fuskarsa ta yi fari kamar toka, yana ta magana da Faransanci, ban fahimci ko ɗaya ba. Ya miƙo mani hankicinsa. Na tsallake shi na ruga gida, rabin kai da kitso, rabi babu, rigata jawur.

Inna ce ta fara gani, ta saki taɓarya. Ta goya ni kamar jinjira zuwa gidan likita, aka ɗinke kunnen ba tare da allurar kashe zafi ba, mutum uku na riƙe da ni. Gefen bai kama ba, daga baya ya bushe ya faɗi. Da muka dawo Kaka ta ce a kawo mata kaina. Ta shafa inda jelolin suke, ta shafa tsumman da aka naɗe kunnen. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta juya fuska ga bango ta kwanta, ta ƙi abinci.

Ranar Laraba Kawu ya dawo. Bai ko sauke kaya ba Inna ta tare shi a zaure tana roƙonsa.

"Don Allah ka bar wa Allah. Mutanen gwamnati ne. Mu baƙi ne a garin nan."

Ya raɓa ta gefenta. Ya shigo ya tsuguna gabana ya duba kunnen. Sannan ya leƙa ɗakin Kaka. Daga ciki na ji muryarta a shaƙe:

"Da ina da ɗa namiji, da ban kwana biyu da wagga kunya ba."

Kawu ya cire takobinsa ya rataye a bango, abin da har yau nake gode wa Allah a kai. Ya ɗauki bulalar raƙumi ya kama hannuna ya ce in nuna masa mutumin.

Ana cikin darasi muka shiga. Mushe na rubutu a allo da hannu ɗaya, ɗayan a naɗe. Na nuna shi da yatsa. Bulalar farko ta same shi a fuska, daga goshi har haɓa, fatar ta buɗe. Ya faɗi kan teburin gaba, kwalaben tawada suka tarwatse. Yara suka yi ta fita ta taga, wasu suka tattake wasu. Kawu ya ci gaba da zuba masa, a baya, a wuya, a hannun da ya ɗaga yana karewa, numfashinsa kawai nake ji cikin amawali. Mushe ya rarrafa ƙarƙashin tebur, Kawu ya jawo shi ta ƙafa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Amma da na ji Mushe na kiran uwarsa da harshensu, da murya irin ta yaro, sai fitsari ya kubce mani. Na kama rigar Kawu ina cewa ya isa, bai ma san ina wurin ba.

Gardawa huɗu suka zo da gudu. Suka buge shi da gindin bindiga har ya durƙusa, suka ɗaure shi da igiya, suka ja shi ta tsakiyar gari zuwa wurin kwamandan. Aka yanke masa wata shida a kaso. Aka kuma aiko wa Inna cewa in ban koma lakwal ba ita ma za a kama ta.

Na koma da kallabi, aka ƙyale ni da shi saboda ciwon. Inna ta daidaita sauran gashin da hannunta a ɓoye, kada Kaka ta sani, tana hawaye. Mushe ya dawo bayan mako uku da tabo a fuska da ido ɗaya da ba ya buɗewa sosai. Bai sake dukana ba, bai sake kiran sunana ba, ko na ɗaga hannu sai ya tsallake ni. Dokar Litinin kuwa ba ta canja ba, sai dai yanzu wanzami ake kira. Yara suka sa mani suna mai guntun kunne. Wata ta fizge kallabina a bakin rijiyar lakwal, na ɗauki dutse na fasa mata goshi. Daga ranar babu wadda ta ƙara, babu kuma wadda ta ƙara zama kusa da ni.

Kaka ba ta ga fitowar Kawu ba. Ta rasu da shigowar damina.

Ranar da aka sake shi mun je taryensa da Inna. Mutane da yawa sun fito a ƙofar kason, na duba ban gan shi ba. Sai wani ramammen mutum ya nufo mu, kansa ƙwal, babu rawani, da haƙoran gaba biyu a karye. Inna ta gane shi kafin ni. Ashe tun ranar farko suka tuɓe masa rawani a gaban fursunoni suka aske shi, kuma kowane mako haka. Ranar na fara ganin fuskar Kawu. Ya yi kama da Inna ƙwarai. Ya sa hannu ya rufe bakinsa, Inna ta kwance mayafinta ta miƙa masa, ya naɗa a nan tsaye a kan hanya.

Bai ƙara shiga kasuwar Dakoro ba. Ya ce mutanen da suka ga bakinsa ba zai iya tsayawa ciniki da su ba. Kwana tara ya yi a ɗaki. A na goma ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi, ya je kabarin Kaka, ya dawo ya kira ni.

"Kina iya karatun nasu yanzu?"

Na ce ina iyawa kaɗan.

"To, ki riƙe shi. An biya shi da tsada."

Ya hau ya yi arewa. Inna ta raka shi har bayan gari, ni kuwa an buga ƙararrawa, na ɗauki allona na tafi aji. Bayan shekara huɗu wani mai raƙuma ya kawo mana labarin rasuwarsa a wata rijiya can gaba da Azagor, ya kawo wa Inna takobinsa da bargonsa.