Ƙahon da Aka Kafa Mini a Ƙwauri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ko 'ya'yana ban taɓa gaya wa asalin tabon da ke ƙafata ba. Yau zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

A shekarun farin nan na saba'in aka kai ni Ɗanzomo daga Gumel, ina amarya. Auren so ne. Mijina, Malam, yana fataucin dabbobi a Maigatari, sai ya jima bai dawo ba, ni kuma ina gida da Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinsa da ta riƙe shi. Abokan hirata 'yan littattafan labaran da na zo da su a ƙasan akwati.

Da kasala abin ya fara. A littattafan nan, mace in ta rame bege ne, sai na ɗauka nima begen Malam ke cina. Har daɗi nake ji.

Sai jini ya fara kwanciya a ƙwaurina, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, alhali ban bugi komai ba. In na ci asuwaki dasashina ya yi ta zubar da jini.

Gwaggo ta duba ƙafar, ta taɓe baki. Ta ce tunda nake kwana da takardun boko a ƙarƙashin matashi, dole mutanen ɓoye su riƙa mintsinina. Ta kwashe littattafan ta zuba a murhu. Ta shiga gasa mini ƙafa da tsumma da tafasasshen ruwa, wurin ya ƙara kumbura.

Daga nan ta kira wanzami, wai a zuƙe mataccen jini.

Na roƙe ta a jira Malam. Ta ce, "Ke 'yar birni, ni na yaye mijin naki, ba sai na jira shi ba."

Matan maƙwabta suka danne ni. Wanzamin ya tsattsaga ƙwaurin, ya kafa ƙaho. Jinin ya ƙi tsayawa, su kuwa suna ta murna wai ciwo ne ke fita. Har yau in na tuna dariyarsu sai zuciyata ta tafasa.

Tsagar ba ta haɗe ba. Ta zama gyambo, tana ruwa, tana wari, ƙuda na bina. Na daina takawa. Masu zuwa dubiya sai su tsaya daga bakin ƙofa, ina jin su suna raɗa cewa wannan ƙafar sai yanka.

Ranar da Malam ya dawo sai ya yaye zanen ya ga ƙafar. Ya sayar da tunkiyarsa, ya ɗora ni a motar kasuwa zuwa asibiti a Gumel. Gwaggo ta biyo mu har ƙofar gida tana cewa zai kai ni a guntule ni.

Tsoron da na tafi da shi ke nan.

Likita ya sa Malam ya fita, ya tambaye ni ko ana dukana. Na ce a'a. Ya leƙa bakina, ya ja fatar idona, aka ɗebi jinina. Sai ya tambayi abin da nake ci.

Na faɗa masa, ko da yake amsar abin kunya ce. Tuwon gero da busasshiyar kuka, kullum, shi ma loma kaɗan. A gidan ana yabon amaryar da kwanonta ya dawo kusan a cike. Ɗan lemo ko tumatir da Malam ya kawo tsaraba, Gwaggo ake miƙa wa, ni ba ni da bakin tambaya.

Likitan ya ce jikina ya rasa abin da ke cikin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, shi ya sa jini ke tsattsafowa ƙarƙashin fata, ciwo kuma ba ya warkewa. Ya juya ga Malam da ya shigo: "Yunwa ce, a cikin gidanka. Da kun ƙara jinkiri da ban yi maka alkawarin ƙafar nan ba."

Aka ba ni gado. Kowace safiya nas ta wanke gyambon ina cizon gefen zane, ga allura, ga ƙwayoyi. Malam yana kawo lemo da dafaffen zogale, ya zauna sai na cinye a gabansa. Dasashin ya fara lafawa, shatar jinin ta koma ruwan ɗorawa ta ɓace, gyambon ya kame a hankali.

Da ƙafata na fita daga asibitin.

Gwaggo ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Har ta rasu tana gaya wa mutane ƙahonta ne ya yi aiki, asibiti ya karɓe yabon. Ana ce mini in yafe. Ina dai ƙoƙari.

Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Malam, ya saka wa likitan nan da ma'aikatansa da alheri.

In kun bugu a ƙafa jini ya kwanta, ku ɗora tsumma mai sanyi, ku ɗaga ƙafar, kada ku fara da gashi. Kada ku bari a tsaga. In kuwa ba bugu ya fito, ko yana dawowa, ko da jinin dasashi, ku tafi asibiti a auna ku.

Ku kuma masu yabon yarinya don ba ta ci, ku ji tsoron Allah. Ku sa mata abinci, ku fita ku ba ta wuri ta ci.