Ƙofar da Yaya Ta Bari a Buɗe

Yayata ba ta iya zubar da abu ba. A wajen Baba ta gaji wannan ciwo, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da ko ƙafa ba ka iya miƙewa a ciki. Mu sauran yaran gidan warin dalma ke korar mu, ita kuwa tun tana 'yar mitsitsiya take tsugunne a gefensa tana miƙa masa kayan aiki. Har yau in tocilanka ta mutu ka jefa a shara, gobe za ka gan ta a tagar Yaya tana ci, ita kuma ta bi ka da harara.

Da ta gama koyon sana'a ta samu aiki a wani kamfani mai haɗa ƙananan akwatuna da ake ɗaurawa a kan turakun ƙarfe kusa da bututun ruwa. Kowane akwati yana auna ruwan da ke wucewa, ya aika labari ta iska zuwa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gaba, har ya isa ofishin masu raba ruwa. Don kada wani ya cusa saƙon ƙarya, akwai wata 'yar baƙar ƙwaya a ciki, ba ta kai farce ba, cip suke ce mata. Ita ke riƙe da mabuɗin sirri, kuma mabuɗi ɗaya ne ga duk akwatunan unguwa guda.

Teburin Yaya ne na ƙarshe a layi. Takan gwada akwati ta wata 'yar ƙofa da ake bari a jikin cip ɗin, sannan ta danna maɓalli ƙofar ta ƙone har abada, ta zuba baƙin danƙo a kai ya daskare kamar dutse. Daga nan ba mai leƙa ciki, ɓarawo ne ko mai gyara. Wanda ya lalace sai kwandon shara, kuma kwandon nan ne ya tsaya mata a rai.

"Abu lafiyarsa ƙalau fa, Baba," ta ce wata rana muna cin abinci. "Waya ɗaya ce ta saki a ciki, amma mun binne ta da hannunmu."

Baba ya girgiza kai. "Wannan ba sana'a ba ce, 'yata. Jana'iza ce."

Mai kawo mata gawarwakin shi ne Dogo, wanda ke hawa tsani yana ɗaura akwatunan da sauke su. Dattijo ne mai furfura a gemu da ciwon gwiwa, ga raha. Duk akwatin da ya mutu sai ya ajiye mata a tebur ya ce Allah ya jiƙan musulmi.

Ba ta shawarci kowa ba ta fara barin ƙofar ba ƙonawa, tana zuba danƙon sama-sama yadda za a iya ɓare shi. Akwati ya dawo matacce, ta ɓare, ta taɓa da dalma, ya tashi. Dogo ya laƙaba mata Likita. Injiniya, mai kula da aikinsu a kamfanin, ya ga shara ta ragu, ya ji daɗi, bai tambayi dalili ba. Baba kuwa ya samu abin hira a ƙofar gida: 'yarsa na tayar da abin da masu digiri suka binne.

Ana nan famfunan unguwar kan tudu suka ƙafe. Mata da yara suka koma saukowa da jarkoki suna hawa da su, alhali allon ofis na nuna ruwa na gudu yadda ya kamata. Mutane na kuka, ofis na cewa na'ura ba ta ƙarya. Da aka bi sawu, ashe wasu ne suka cire akwati ɗaya, suka kwashe mabuɗin, suka haɗa nasu akwatin yana aika lafiya lau, su kuma suna karkatar da ruwan zuwa tankokin sayarwa.

Injiniya ya ce cip da aka ƙone ƙofarsa ba ya karantuwa, saboda haka ta hannun mutum sirrin ya fita. Wa ke yawo da akwatuna a waje shi kaɗai? Aka karɓe tsanin Dogo, aka ce ya zauna a gida. Kafin a ce me, magana ta zaga cewa shi ya sayar da ruwan mutane.

Yaya ta san gaskiya tun a tsaye a wurin taron da Injiniya ya kira: ta ƙofar da ta bari a buɗe aka shiga. Ta dawo gida ta daina cin abinci, ta daina haɗa ido da Baba, ko shara ta daina leƙawa. Da na matsa mata a ɗaki, ta faɗa mini komai tana murza bakin mayafi.

"To me kike jira?" na ce.

"Ba aikin nake ji ba. Da wane baki zan gaya wa Baba?"

"Shi Dogon da wane baki yake gaya wa 'ya'yansa?"

Ta yi kuka, ban rarrashe ta ba. Da yamma na raka ta gidan Dogo. Matarsa ta amsa gaisuwa a daƙile ta shige ciki. Shi yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Yaya ta durƙusa, ta fara magana, ya ɗaga mata hannu.

"Na sani, Likita. Tun ranar da mataccen farko ya dawo da rai na san ba a ƙone shi ba. Ni ba yaro ba ne."

"Ka sani, Baba Dogo? Me ya hana ka faɗa musu?"

"Wa ke kawo miki su yana tafa miki? Kuma ke yanzu kika fara. Ni saura nawa ya rage mini a kan tsani?"

A hanya ta ce mini da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Washegari ta shiga ofishin Injiniya ta faɗa. Ba a kore ta ba, amma an raba ta da teburin. Aka ce duk akwatin da ya bi ta hannunta sai an sauke shi, a sake mabuɗi, a ƙone, a binne. Aka kira Dogo aka ba shi haƙuri, don ba wanda ya san turakun kamarsa, aka haɗa shi da Yaya ta riƙa riƙe masa tsani. Baba da ya ji bai yi faɗa ba. Ya dai daina zama a ƙofar gida.

Sai dai labarin zargi ya hau tudu da ƙafarsa, na wankewa bai bi shi ba. Ranar da suka je unguwar na kai wa Yaya abinci, na sami Dogo a can sama yana jan gwiwar nan mataki-mataki, ita ta rungume tsanin tana kallon ƙasa. Wata mata ta zo wucewa da jarka a ka, ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Au, an dawo mana da ɓarawon ruwan?"

Yaya ta saki hannu ɗaya ta juya. "Baiwar Allah, ba shi ba ne, ni ce..."

Tsanin ya yi rawa. Matar ba ta ko waiwaya ba, ta riga ta yi gaba.

"Likita," Dogo ya ce daga sama, bai kalli ƙasa ba. "Bar ta. Riƙe da hannu biyu."