Taka Bayan Baba

Aikina ne taka bayan Baba. Idan na dawo daga makarantar allo da la'asar, sai in iske shi rubda ciki a tabarma, ya ce, "'Yar baba, hau." Sana'arsa yasar rijiya, daga Gangara har Falanko. Wuni yake a sunkuye can ƙasa yana kwasar yashi.

Ƙafafuna sun fi idona sanin bayan nan. Ba a taka ƙashin tsakiya. Gefe da gefensa akwai dogayen tsokoki biyu, daga kwankwaso har wuya, kamar igiyar guga. Ran da Inna ke gyaran naman akuya na ga irinsu: ƙarƙashin manyan akwai ƙanana, kowace ta ɗaure ƙashi da na samansa. Inna ta ce, "Su ke tsai da mutum. In suka saki, ko buta ba ya ɗagawa."

Shekarar da Nasara suka kwashe samarin garinmu aikin hanya, Baba kaɗai ya rage mai shiga rijiya. A lokacin ne diddigena ya ji abin. Tsokar dama ta yi tauri kamar icce, ta hagu ta lotsa kamar salkar da ruwanta ya ƙare. Na danna, ya ja numfashi ta haƙora.

"Kin yi nauyi. Furar wa kike sata?" Ya yi dariya, amma yatsunsa sun damƙe bakin tabarma.

Ban gaya wa kowa abin da diddigena ya ji ba. Ni ko a makaranta sai malam ya kawo kunne yake jin karatuna.

Kwana uku ina takawa, lotsawar na ƙara faɗi. Ina ganin yadda yake dafa gwiwa ya daɗe kafin ya ɗago daga ruku'u. Ran na huɗu makiyaya suka zo, raƙumansu ba su sha ba. Ya saɓi igiya ya bi su.

Sai da ya ɓace na ja zanen Inna. "Inna, bayan Baba, gefe guda ya saki."

Ta ajiye taɓarya. "Tun yaushe?"

"Kwana uku."

Ba ta zage ni ba, dubana kawai ta yi. Muka ruga bakin rijiyar.

Mun iske an riga an zura shi. Maza biyu na riƙe da igiya, suna jiran ya girgiza ta su jawo kwandon farko. Igiyar shiru. Inna ta leƙa ta kira Baba. "Malam!"

Can muryarsa ta taso, siririya. "Ku bar kwandon. Ni za ku jawo, na kasa miƙewa."