Ramuka Bakwai a Gindin Bangon Inna

Wata Laraba a tsakiyar daminar da na shiga aji biyar, na dawo daga yankan ciyawar awaki da buhu a ka, sai na hango Malam Bukar tsugune a bayan gidan hayar kakata, yana huda gindin bango da guntun rodi. Na laɓe cikin gero ina ƙirgawa. Rami bakwai ya huda, yana zura yatsa a kowanne yana dubawa, sannan ya karkaɗe hannu ya shige gida. Har yau ban san inda na yar da ciyawar nan ba, don da gudu na tafi kai wa kakar tawa, Inna, labari.

Gidan nan shi ne abin da kakanmu ya bar mata a gefen Ungogo, ɗaki huɗu na ƙasa da zaure, gonarmu tana jingine da katangarsa. Da birni ya fara matsowa, dillalai suka yi ta sintiri a sayar musu. Inna ta ce faufau, gyara shi za ta yi ta zuba 'yan haya, da shi za ta riƙe ni da ƙannena biyu da mahaifinmu ya rasu ya bari. Ta sayar da tumakinta ta kira Sale magini, ɗan ƙaninta. Da can kowace bazara yaɓe ake yi, a jiƙa jar ƙasa da ciyawa, mu yara mu tattake da ƙafa muna ihu, a gyara indararo kafin ruwa ya sauka. Sale ya ce wannan aikin ƙauye ne, ɗan haya ba ya son bangon da zai zuba masa ƙasa a tuwo. Ya lulluɓe ginin ƙasar da siminti ciki da waje, ya shafa shuɗin fenti, har 'yan ajinmu sukan ratso ta gona don su gani.

Inna kuwa, Allah ya ji ƙanta, ko kaza ce ta makara shiga akurki sai ta ce da walakin. Takan ce, "Ɗan haya ba ya tausayin bango." Ni ta naɗa idonta a gidan, in gano mai daka a ɗaki da mai watsa ruwan wanki a gindin gini. Na so aikin nan ƙwarai, don ƙuli-ƙuli ake biyana, kuma yana raba ni da kai taki gona. Ana tsakiyar wasan langa sai in sulale in je leƙe. Malam Bukar mai ɗinkin hula, wanda iyayensa suka zo daga Borno tun tuni, shi ta fi sa wa ido, saboda ba shi da yawan magana, kuma an taɓa ganin ya gaisa da wani dillali. Ina gama ba ta labarin ta yanke hukunci: dillalai ne suka saye shi ya kashe gidan, ta sayar da arha.

Da aka kira shi, ya durƙusa ya ce, "Inna, bangon nan ruwa ya sha. Ƙasa ce a ciki, siminti ya hana ta bushewa. Hanya na buɗe wa ruwan." Sale ya kwashe da dariya, wai yaushe mai allura ya san gini. Inna ta bi jininta. Ta ba Malam Bukar wa'adin tashi zuwa Juma'a, Sale ya toshe ramukan tas. Ranar da Malam Bukar ya tashi, tukwanen matarsa a kan amalanke, ya gaishe ni da sunana, na shige cikin gero.

Bayan mako biyu aka yi marka ta kwana uku. Da hantsin rana ta huɗu muka ji rim. Bangon ɗakin da Malam Bukar ya bari ne ya zauna, simintin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ƙasar ciki ta zama kunu. Allah ya sa ba kowa a ɗakin, amma sauran 'yan hayar ba su ƙara mako ba. Inna ta tsoma hannu a caɓin nan. Ta aika a nemo Malam Bukar, aka ce ya koma wajen Bici, ba wanda ya san unguwar. Ba tumakin da za a sake sayarwa, don haka kafin wata damina gidan ya shiga hannun dillalan nan a kan kuɗin da suka ga dama.

Yanzu ni ma gidajen hayar mutane nake kula da su, na bulo, wasu ma a inda geronmu yake tsayawa da. Ba mai tattaka ƙasar yaɓe, ba jakin taki, kuma ina kewar ƙanshin jar ƙasa in ta sha ruwan fari. In mai gida ya kira ni yana zargin ɗan haya, nakan je in ƙwanƙwasa bangon, in zauna in ji ta bakin mutumin. Ramukan nan na ƙirga su daidai, bakwai ne. Dalilin huda su ne ban tsaya na tambaya ba.