Buhu Mai Facin Inna

Tun ina ƙarama a Tsamaye nake da tambayar tsiya, har Inna kan ce bakina ya riga ƙafata fara tafiya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne manyan motoci. Da kaka su nufi Nijar maƙare da gero, da damina su dawo maƙare da gero. To su wa ke nomawa, su wa ke ci?

Wata shekara sefa, kuɗin Nijar, ta yi tsada, iyaka kuma a buɗe. 'Yan kasuwar Maraɗi suka zo har ƙofar gida suna taya hatsi da farashin da ba mu taɓa ji ba. Baba ya sa aka kwashe dammunan rumbu aka sussuke.

"Malam, ba a saida hatcin damina," in ji Inna. "Kuɗɗi ba su tuƙuwa."

"Ke dai bari. In munka buƙata za ni kasuwa in sawo."

Ɗaya daga cikin buhunan ɓera ya huda shi. Inna ta yagi gefen tsohon zanenta mai ruwan ɗorawa ta yi masa faci, tana ɗinki tana tsaki, ni ina riƙe mata.

Ba zan ci amanar Baba ba, kuɗin sun yi rana. Ya sayi taki, ya yi mana rufin kwano, muka daina tarar ruwa da tasa a tsakar ɗaki. Amma damina na kai tsakiya hatsi ya ƙare, farashi kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Abin sayarwa ɗaya ya rage a gidan: tunkiyar Inna, wadda ta raina tun tana 'yar jaririya. Da hannunta ta kwance ta daga turke, ba ta dubi kowa ba. Na ji tausayinta ƙwarai.

Da la'asar Baba ya dawo daga kasuwar Sabon Birni da buhu ɗaya a bayan babur. Yana saukewa na hango ruwan ɗorawa.

"Inna, ga zanenki!" Na juya wurin Baba. "Geronmu na? Ina yat tahi? Mi anka yi mai can da yaƙ ƙara tsada?"

Baba ya tsura wa facin ido. Sai da na girma aka gaya mini ba a yi wa geron komai ba, ajiye shi kawai aka yi har muka ji yunwa.

Inna ta kwance bakin buhun, ta ɗebi geron ta shinshina.

"Sannu da hanya," ta ce wa geron. "Ni ban taɓa ganin Maraɗi ba, kai ka gani."

Sai ta dubi turken da babu komai.

"Tunkiyata ta biya mai kuɗɗin mota, zuwa da dawowa."

Ta auna na tuwon dare, ta jawo turmi.